Ɓawon Ƙwai a Kunun Floridalma

Haƙora tara suka rage mini a baki. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya tsaya leƙen bakina ina magana. Sunana Eulogia, amma duk ƙauyen nan Doña Locha suke ce mini, mai tortiya, wato gurasar masara, ta bayan coci. 'Ya'ya bakwai na haifa, duk suna raye, kuma kowanne da ya zo sai ya tafi da rabonsa daga bakina, wani biyu, wani huɗu.

Mu a nan kowace mace ta san jariri da ƙashin uwarsa yake gina nasa, kuma daga haƙori yake farawa. Maganin abin ma ba ɓoyayye ba ne, ɓawon ƙwai ne. A wanke shi, a tafasa, a gasa a kasko, a niƙa a dutse har ya yi laushi, a jiƙa da ruwan lemun tsami, a zuba wa mai ciki a kunun masara. Ni ban samu ba a zamanina. Kajinmu uku ne kacal, ƙwansu kuma kasuwa yake tafiya da ɓawonsa. Shi ya sa na yi wa kaina alkawari cewa 'yata ba za ta tsufa tana jiƙa tortiya a gahawa kafin ta iya haɗiyewa ba.

Floridalma ce 'yata mace tilo. Flori muke ce mata. In ta yi dariya sai ka so ta ƙara, don haƙoran nan farare tas, a jere, ba ko ɗaya da ya kauce. Shekararta shida da aure, ciki biyu sun zube mata, duka a Zacapa inda mijinta Edelmiro yake aikin gonar kankana. Can ba ta da kowa. Ba wanda ya taɓa niƙa mata ko rabin ɓawo. Na sa a raina cewa rashina ne ya jawo. Don haka da na ji ta samu na uku, ban jira gayyata ba, na hau mota na je na haɗa mata kaya.

Edelmiro ya ce, "Doña Locha, ai akwai asibiti a nan kusa."

Na ce, "Yana ina lokacin biyun farko? Ko tafiya ya yi?"

Ya sosa ƙeya ya ɗauki jakar ya kai mana tasha. Yaron kirki ne, bakinsa ne dai ba ƙarfi.

Comadre Tránsito, ƙawata wadda ta riƙe Flori ranar baftisma, ita ta zagaya gidaje ta ba da cigiya. Kullum da safe sai na tarar da leda a rataye a ƙofa, cike da ɓawo, wani ma da sauran gwaiduwa a jiki, don mutane ba su iya abin arziki har ƙarshe ba. In Tránsito ta shigo ta same ni a durƙushe gaban dutse sai ta ce, "Comadre, ki yi a hankali, yaron nan da ɓawo zai fito, sai mun ƙwanƙwasa shi a bakin kasko." Flori ta yi ta dariya tana riƙe ciki. Cokali guda nake zuba mata safe da yamma, ga kuma manyan fararen ƙwayoyin da ake ba masu ciki a ɗakin shan magani.

Wata huɗu ya wuce, amai bai tsaya ba. Ƙishirwa kuwa, sai ta shanye buta guda ta ce a ƙara. Fitsari ba iyaka, bayan gida sai ya yi kwana biyar bai zo ba. Tana tsaka da taya ni murza ƙullu sai hannunta ya tsaya, ta zuba wa bango ido. Na ce laulayi ne, kuma yaron ne yake ja da ƙarfi. Na ƙara cokali ɗaya da rana.

Ciki yana wata biyar da 'yan kwanaki, wata ranar Asabar, ta durƙushe a wurin wanki tana riƙe da kwiɓi. Motar mai kai madara ce ta kai mu babban asibitin gari.

Likitar mace ce, Dakta Sagastume, siririya, a idona ba ta girmi Flori ba. Ta zaunar da ni a bakin gadon, Flori tana kwance an riga an sa mata ƙarin ruwa.

Ta ce, "Doña, kalsiyam ne ya yi yawa a jinin 'yarki. Shi ne sinadarin da yake gina ƙashi. A jikin mai lafiya lambar ba ta cika wuce goma ba. Tata sha huɗu."

Na ce, "Yawa? Ni dai a sanina ƙarancinsa ne ciwo."

"Yawansa ma ciwo ne, kuma mugu." Ta taɓa gindin wuyanta da yatsa. "A nan akwai wasu 'yan abubuwa huɗu, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Su suke daidaita shi. Ɗaya daga cikin nata ya kumbura, ya daina jin magana, yana ta kwaso kalsiyam daga ƙashinta yana zubawa a jini. Shi ya kawo aman da ƙishirwar, shi yake wahalar da ƙodarta. Ina kyautata zaton shi ya zubar da biyun farko ma."

Flori ta juyo da ƙyar. "Wannan fa, Dakta?"

"Wannan yana nan, zuciyarsa tana bugawa da kyau. Namiji ne." Sai ta lissafa mana abin da za a yi. Za su yi ta ɗura mata ruwa ta jijiya don ya wanke jinin. Akwai allura da za ta taimaka, amma kwana biyu zuwa uku kawai take aiki. Maganin da ya fi ƙarfi ba za su ba ta ba, don yana shiga ƙashin jariri. Da zarar lambar ta sauko kusa da sha biyu, za su yi mata tiyata a wuya su cire ƙullutun, ranar Alhamis in Allah ya yarda. Ta ce, "Yanzu ne lokacin da ya fi dacewa, tsakiyar ciki. In muka cire shi, yaron nan zai iya cika watanninsa. Amma daga yau ba fararen ƙwayoyin nan, ba cuku, ba madara, kuma ba abin da zai shigo daga waje. Ban da ƙwayoyin, akwai wani abu da take sha a gida?"

Flori ta dube ni. Ni kuma na dubi takalmin likitar.

Na ce, "Babu."

Kada ku tambaye ni dalili, ina da shi. Na sha ganin yadda 'yan matan asibiti suke haɗa ido su danne dariya in tsohuwa ta faɗi abin da ta ba 'yarta. Na ce ba da ni ba.

A mota ina komawa gida, duk maganar likitar ta zube, guda ɗaya ta maƙale mini: daga ƙashinta. Wato ƙashin 'yata yana zubewa, ga yaro yana ja ta ciki, sannan a ce a hana ta abin da zai mayar? Wane irin hankali ne wannan? In randa tana yoyo ai ƙara ruwa ake yi kafin a samu mai liƙi.

Na faɗa wa Tránsito. Ta ce, "Comadre, tunda likita ta ce kada a kai komai, a bari mana zuwa Alhamis. Kwana nawa ne?"

Na ce, "Likitar nan ta taɓa haihuwa? Ko zobe babu a hannunta. Buɗe bakinki, Tránsito. Nawa suka rage miki?"

Ta rufe bakinta ta koma gida.

Lahadi na je hannu rabbana, don ban gama shiri ba. Litinin da safe lambar ta sauko sha biyu da rabi, nas-nas har suna yi wa Flori barka. Ni kuma ranar na gasa ɓawo kwando guda. Na niƙa, na tankaɗe da ƙyallen tatar kunu sau uku, har ya zama ba ya ƙara tsakanin yatsu. Cokali huɗu na zuba a fulas ɗin, na ƙara kirfa da sukari don su rufe.

Ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana ake barin 'yan dubiya. Mai gadin ƙofa yana bincika jaka, amma ba ya ɗaga mayafin tsohuwa, musamman in ta miƙa masa tortiya shida masu zafi. Na samu Flori ta ture farantin asibiti, ta ce ko warinsa ba ta so. Na ja labule na zuba mata a murfin fulas. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina.

"Mama, ba ki sa komai ba ko?"

"Masara ce da kirfa, mija, 'yata. Sha."

Ta shanye, na ƙara mata. Sauran na juye mata a kofi na bar a 'yar durowar gefen gado don yamma. Wallahi daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Abin da ta ƙi na likitoci, ga shi ta karɓa a hannuna, kuma bai dawo ba.

Haka na yi Talata, haka na yi Laraba.

Laraba da rana Dakta Sagastume ta shigo da takarda a hannu, fuska ba walwala. Ta ce lambar ta koma sha huɗu. Ba za su sa ta barcin tiyata a haka ba, don zuciya takan rikice. An ɗaga zuwa Litinin. Ta duba robar ruwan, ta duba fayil, ta tambayi nas ko an tsallake wata allura. Sannan ta juyo gare ni.

"Doña, kina kawo mata wani abu?"

Fulas ɗin yana ƙarƙashin mayafina, ina jin ɗuminsa a haƙarƙari.

Na ce, "Addu'a kawai, Dakta."

Ga abin da ya fi ci mini rai yanzu. Da na ji lambar ta hau, ko kusa ban zargi kunun ba. Cewa na yi, to, ƙashin yana ƙara zubewa ke nan, abin da nake bayarwa bai isa ba. Alhamis na zuba cokali shida.

Juma'a ta fara amayar da har kunun, amma tana sha. Ta ce cikinta ya yi shiru tun safe, yaron bai cika motsi ba. Na ce barci yake yi, ya ƙoshi. Aka kawo na'urar sauraro, muka ji bugun, na kalli nas ɗin na ɗaga mata gira.

Asabar na ja labule na ce, "Mija, na zo." Ta buɗe ido ta kalle ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Baiwar Allah, ki kira mini mamata. Ki ce ta kwashe wankin, hadari ya taso."

Na cusa fulas ɗin a durowa na fita da gudu ina kiran nas. Kafin ƙarfe biyu sun tura gadonta ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Lambar ta wuce sha biyar. Likitar ta fito ta ce mini ba za su ƙara jira ba. Daga yanzu ko ruwa ba zai shiga bakinta ba, kuma gobe da safe za su shiga da ita tiyata, lamba ta sauka ko ba ta sauka ba, don jiran ya zama ya fi tiyatar haɗari. Aka kira Edelmiro a waya.

Lahadi da sassafe na biya coci na kunna kyandir, sannan na kama hanya. Na iske Edelmiro a zaune a dandamalin ƙofar ɗakin, hularsa a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Bai miƙe ya gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kafin su shiga da ita sun sa na'urar. Sun nema, sun nema. Babu, Doña Locha."

Ban yi kuka a lokacin ba. Na zauna kusa da shi na ɗauki hular na kaɗe mata ƙura.

Aka fasa tiyatar, aka sa mata maganin naƙuda. Litinin ta haife shi. Sun bar ni na gan shi. Bai fi tsawon tafin hannuna biyu ba, amma komai nasa ya fito, har 'yan farata. Edelmiro ya sayo ɗan farin akwati, ya riƙe shi a cinya a mota har ƙauye. Muka binne shi kusa da kabarin mijina. Tránsito ta kawo furanni, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Kwana uku Flori ba ta sa komai a baki ba sai ruwan jijiya. Lambar nan da ta gagari allura ta fara gangarowa da kanta, sha huɗu, sha uku, har ƙasa da sha biyu. Ta dawo hayyacinta. Ta san abin da ya faru.

Ranar Laraba ina zaune a baranda sai ga Dakta Sagastume ta nufo ni. Fulas ɗina ne a hannunta, jan nan mai tsagaggen murfi. Mai shara ce ta tsince shi a durowar tsohon gadon. Ta zauna kusa da ni ta buɗe. Kunun ya yi tsami, ruwa ya taso sama. Ta tsiyaye shi a magudana, ta sa yatsa ƙasan fulas ɗin ta lakato farin abu mai kauri, ta murza.

"Mene ne wannan, Doña?"

Na faɗa mata. Tun daga ledar da ake ratayewa a ƙofa har cokali shida. Ina jira ta yi mini tsawa, ko ta yi dariyar nan da na guda. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta rufe ido.

Ta ce, "Kakata ma tana yi. Ya kamata in ambaci sunansa da bakina ranar farko."

Na ce, "Dakta, ki faɗa mini gaskiya, ba na son lallashi. Ni na kashe shi?"

"Ƙullutun yana wuyanta tun kafin ki niƙa ɓawo ko ɗaya. Shi ne ciwon. Ko da an yi komai daidai, ba ni da tabbacin yaron zai rayu." Ta mayar da murfin fulas ɗin. "Amma kin ce ba kya son lallashi. Ranar Litinin lambar tana sauka. Ba don wannan ba, da mun yi tiyatar ranar Alhamis, kuma ranar Alhamis zuciyarsa tana bugawa."

Ta miƙo mini fulas ɗin. Ta ce dole ta rubuta a fayil, amma ba ita za ta faɗa wa Flori ba, wannan nawa ne.

Washegari suka yi tiyatar. Ko awa biyu ba a yi ba. Suka nuna mana abin a 'yar kwalba, bai fi ƙwayar wake ba. Na tsaya ina kallonsa, ina cewa a raina, wannan ɗan banzan ne ya cinye mini jikoki biyu, na uku kuma ni na taya shi. Abin haushi, bayan tiyatar sai likitar ta rubuta mata fararen ƙwayoyin nan da hannunta, ta ce yanzu ne ƙashin yake bukata.

Gidana aka sallamo ta, don Edelmiro ya koma gona. Sati biyu muna gida ɗaya. Ina dafawa, tana ci kaɗan. Ƙishirwar ta tafi, aman ya tafi, kumatunta suka fara dawowa. Kullum na buɗe baki zan faɗa sai in ji kaina ina tambayarta ko gishiri ya ji. Ba wanda ya ƙara rataye leda a ƙofa, amma buhun ɓawon da na tara yana nan bayan murhu, na kasa zubarwa, na kasa kallo.

Ranar da Edelmiro zai zo ɗaukarta, tana zaune a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemun, da 'yar filasta a wuya, tana naɗe kayanta. Na ajiye ƙullun da nake murzawa na je na tsaya a gabanta, hannuna duk gari.

Na ce, "Mija, kunun nan da nake kai miki asibiti."

Ba ta ɗago ba. "Na sani, Mama."

"Ba ki sani ba. Saurara. Na ce miki masara ce da kirfa..."

"Na ce na sani. Ko sau goma kika tankaɗe, yana kwanciya a ƙasan murfin. Tun ranar farko na ji shi a harshena."

Na kama reshen lemun don kada in faɗi. Ƙaya ta shige mini hannu, sai daga baya na gani.

"To don me kika sha, Flori? Kina nan likita ta yi magana. Kin ji da kunnenki. Ke kin yi makaranta, ni ban yi ba. Don me ba ki watsa mini shi a fuska ba?"

Ta gama naɗe rigar da ke hannunta, ta shafa ta, ta ɗora kan sauran. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a idonta, kuma da na ga fushin da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Kin haifi bakwai, Mama, duk suna raye. Ni ko ɗaya ban iya riƙewa ba. Wa kike so in yarda da shi?"

Mota ta yi hon a bakin hanya. Ta ɗauki jakarta, ta sunkuyar da kai na sa mata albarka kamar yadda aka saba, har na shafa mata gari a goshi. A ƙofa ta juyo ta yi ƙoƙarin yi mini murmushi don kada in damu. Haƙoranta suna nan duka, farare tas, ba ko ɗaya da ya girgiza.